Habibu Mai Tsufa da Carbin Zakari

A Tudun Wada, in ka tambayi gidan Habibu Mahmudu, sai an tsaya yi maka tambayoyi: wane Habibun, ɗan gidan wa? Amma ka ce Habibu Mai Tsufa, ko mai tuyar ƙosai ta bakin layi za ta nuna maka ƙofar. In ka je kuwa, mutum za ka tarar ɗan shekara talatin da takwas, siriri, mai saurin magana, ko silin furfura babu a gemunsa. Tsufan ba nasa ba ne, ɗora wa wasu yake yi. Sana'arsa kwalliyar 'yan fim, kuma a kwalliyar ma ya zaɓi wadda ba ta ƙara wa kowa kyau: a kawo masa saurayi da safe, ya mai da shi kakan wasu kafin azahar.

Mahaifinsa, Malam Mahmudu, tawada yake dafawa yana sayar wa masu rubutun allo. Wanda ya san tawada kuwa ya san ƙaro, danƙon bishiyar nan da ake jiƙawa a zuba a ciki don rubutu ya kama. Habibu yana ɗan shekara tara ya gano cewa in ya ja fatar bayan hannunsa ta miƙe, ya shafa ruwan ƙaro, ya bari ya bushe sannan ya saki, sai fatar ta tattare ta yamutse kamar ta Gwaggo Tani, yayar babansa. Ya je ya nuna wa Gwaggon, ya ce haka ya tashi ya ga hannun. Tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati, har ta aika a kira mai magani, kafin Malam ya shigo ya kama hannun ya tsiyaya masa ruwan buta. Tsufa ya bi ruwa. Abin da ya biyo baya kuwa, Habibu yakan ce har yau kunnensa na hagu bai manta ba.

Malam ya so ya gaje shi. Kyan ɗa ya gaji ubansa, haka mutane ke cewa, amma masu faɗar ba su ne za su wuni gaban tukunya suna shaƙar hayaƙi ba. Habibu ya gudu shagon aski. A shagon wani ɗan fim ya ga yadda yake gyaran gemu, ya ja shi wurin ɗaukar shiri, shi ke nan bai sake komawa ba. Ranar da labari ya kai wa Malam, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi kawai, “Na ba ka abin da ake rubuta gaskiya da shi, ka tafi zanen ƙarya a fuskar mutane.” Malam ya rasu shekara shida da suka wuce, maganar dai ba ta bi shi kabari ba.

Shekara goma sha ɗaya Habibu ya yi yana shafa hoda, yana haɗa jinin ƙarya, yana zana tabon mari. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yadda ake yin tsoho a fim: a barbaɗa wa yaro farar hoda a gemu, a ba shi sanda, a ce ya riƙa tari. Kumatu kamar na jariri, wai dattijo! Shi ya san ba a gemu tsufa yake ba. Ya wuni yana kallon tsofaffi a majalisa har ana zaton ko aike ya kawo. Ya lura tsohonmu ba ya yawan tamoji a kumatu kamar Turawan da yake gani a waya. Nasa tsufan a wuya yake, da ƙasan ido, da gefen goshi inda nama ke lotsawa, da bayan hannu. A wayar ya koyi aiki da ruwan roba, wanda 'yan sana'a ke kira lateks. Dabarar ma ashe irin tasa ce ta yarinta: a miƙe fata, a ɗiɗɗiga robar da soso, a busar, a sa hoda, a saki. Bambancin kawai, roba ba ta jin ruwa. A fuskarsa ya riƙa gwadawa, har wata rana matarsa Suhaila ta shigo ɗaki da tire, ta ga tsoho zaune a bakin gadonta, ta saki tiren ta fita da gudu ba mayafi.

To, rashin jin ruwan nan shi ne kyan robar, shi ne kuma aibinta. Alwala sai ruwa ya taɓa fatar fuska. Wanda aka lulluɓe wa fuska da roba, in alwalarsa ta karye, ba shi da wata sai an ɓare aikin gaba ɗaya. Don haka Habibu ya kafa wa kansa doka: kafin ya ɗiga ko ɗigo ɗaya, sai mutum ya yi alwala a gabansa, sannan ya riƙe ta har a gama. Ba ci, ba sha sai kurɓi, ba kwanciya.

Damar da ya daɗe yana jira ta zo ne a wata bazara. Wani darakta mai suna Haidar zai fara shiri mai dogon zango, wanda jaruminsa zai riƙa fitowa yana saurayi, yana kuma tsoho ɗan saba'in da biyar. Haidar ya riga ya yanke shawarar ɗauko mai kwalliya daga Legas. Habibu ya bi shi har wurin cin abinci yana roƙo.

“Rana ɗaya zan ba ka,” in ji Haidar. “In tsohonka ya tsaya a gaban kamara, aikin naka ne har ƙarshen shirin. In bai tsaya ba, kada ka ƙara yi mini maganar.”

Gidan da aka aro a Nassarawa GRA yake, irin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da manyan bishiyoyin mangwaro, inda shiru ya yi yawa har mutumin Tudun Wada ya ji kamar an yi rasuwa. Na kwana ɗaya aka ba su, kuma sharaɗin a bayyane yake: ƙarfe shida Hajiyar gidan za ta dawo daga tafiya, ba ta son ta tarar da ko waya ɗaya a ƙasa. Robar Habibu kuwa kwalba ɗaya ce tak, wani direba ya taho masa da ita daga Legas, rabinta ma zafi ya daskarar a hanya. Abin da ya rage fuska ɗaya zai yi, ba ƙari.

Tun jajibere ya je duba gidan, a nan ya haɗu da maigadi, Baba Tanko, mutumin Ringim, wanda ya shekara ashirin a bakin ƙofar. Tsohon yana wankin hula a gefe don rage zaman banza. Ga huluna a jere a kan itatuwansu suna shan rana, ga robar jiƙaƙƙen ƙaro da yake shafa musu don su yi ƙarfi. Habibu bai ko kula da hulunan ba, fuskar mai su ya ƙura wa ido. Layi uku a goshi, na tsakiya ya karye a hagu. Ƙasan ido ya zubo. Ga tabon salla baƙi ƙirin a tsakiyar goshi.

“Baba, don Allah zan ɗauki hotonka. Fuskarka nake so in ara.”

Tsohon ya yi dariya. “Ara mana, ɗana. In ka ga dama ma kada ka dawo da ita, ka kawo mini taka.”

Jarumin, Zakari, ɗan shekara talatin da biyu ne, mutumin Giginyu, mai sanyin hali. Abu ɗaya aka san shi da shi a harkar: ba ya wasa da lokacin salla. Ko ana tsakiyar ɗauka, in lokaci ya yi zai ce a dakata, kuma duk daraktan da ya ɗauke shi ya san da haka. Ƙarfe tara na safe ya yi alwala a bakin famfo, Habibu na tsaye a kansa. Suka shiga ɗakin direba da ke bayan gida, aka zaunar da shi a wata kujera mai kwantawa da aka ɗauko daga baranda.

Awa huɗu Habibu ya yi a tsaye. Ya miƙe fatar goshi, ya ɗiga, ya busar da handiraya, na'urar busar da gashi, ya saki. Ya koma ƙasan ido, ya liƙa tishu siriri, ya sake ɗigawa. Robar in ta bushe fari take yi a baƙar fata, don haka launinsa shi yake haɗa abinsa, da jar ƙasa da garin gawayi da hoda. Furfura kuwa sili-sili ya bi ta da buroshin haƙori. Daga ƙarshe ya duba hoton Baba Tanko a waya, ya ɗiga tabon salla a tsakiyar goshin roba. Zakari ya fito tsakar gida. Ummu Salma, wadda za ta fito a matsayin 'yarsa, ta durƙusa ta gaishe shi kafin ta gane. Haidar ya zagaya shi sau biyu, sannan ya dafa kafaɗar Habibu. Habibu ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun da ya fara sana'ar.

Aka yi azahar da alwalar safe. Aka ɗauki fitowa biyu a falo. Saura manyan, guda uku, waɗanda Haidar ya dage sai a lambu bayan la'asar, in rana ta yi sanyi ta ratso ganyen mangwaro. Wajen ƙarfe uku suka koma ɗakin direba don Habibu ya gyara wuya inda gumi ya fara ɗaga roba. Zakari bai ci komai ba tun asuba. Ya jingina, carbinsa a hannun dama yana ja a hankali, fanka na kaɗawa a kansa.

Habibu yana kan wuyan ya ji numfashin ya sauya. Ya ɗago. Bakin Zakari ya ɗan buɗe, kai ya karkata. Barci ɓarawo ne, kuma ya shigo ba sallama. Habibu ya buɗe baki zai tashe shi, sai ya ga yatsun sun saki. Carbin ya zame, ya faɗi a kan ledar ɗaki da wani ɗan sauti. Zakari ko motsi bai yi ba.

Duk wanda ya zauna a zauren malam ya san wannan. Gyangyaɗi ba ya karya alwala, amma barcin da abu zai faɗi daga hannunka ba ka sani ba, ya karya. Habibu ɗan mai tawada ne, a zaure ya tashi, ba ya buƙatar a tambayo masa kowa. Ya dubi fuskar, aikin awa huɗu, ya dubi kwalbar da babu komai a cikinta sai abin da ya manne a gindi. Ya leƙa ƙofa. Babu kowa, duk suna lambu suna jan wayoyi.

Ya sunkuya ya ɗauki carbin. Ya ɗora shi a tafin Zakari, ya naɗe masa yatsu a kai a hankali, kamar mai gyara wa jariri kwanciya. Sannan ya ɗauki handiraya ya kunna.

Zakari ya zabura. Abin da ya fara dubawa hannunsa ne.

“Alhamdu lillahi,” ya ce, ya sauke ajiyar zuciya. “Malam Habibu, ban yi nisa ba ko?”

“Ga carbinka nan a hannunka,” in ji Habibu, idonsa a kan soso.

Bai yi ƙarya ba, haka ya riƙa gaya wa kansa. Ai carbin yana hannun. Kuma mutum ba ya ɗaukar laifin abin da bai sani ba, Zakari zai yi sallarsa da zuciya ɗaya. Shekara goma sha ɗaya fa! Suhaila tun safe take aiko saƙo tana tambayar yadda ake ciki. Ya jera wa kansa hujjoji kamar mai jera kaya a shago, kowacce da kyanta.

Aka kira la'asar daga masallacin layin baya. Haidar ya tafa hannu ya ce a yi maza a yi salla, ƙarfe huɗu da kwata yana son kamara ta fara juyawa. Aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin mangwaro. Habibu ya yi tasa alwalar a bakin famfo, yana watsa ruwa a fuska yana jin kamar kowa kallonsa yake yi. A gidan, Baba Tanko ne ke jan ma'aikata salla kullum, shi ya ja azahar ma. Amma yanzu da ya tako gaba, sai ya dubi Zakari, ya dubi jama'a, ya ja da baya yana murmushi.

“A'a, ɗazu na yi rashin kunya. Yau na samu yaya a gidan nan. Malam, bisimilla, babba ne gaba.”

Aka yi dariya. Zakari ya so ya ƙi, aka tura shi gaba, don kowa ya san yana da karatu. Anas mai kamara ya fara tayar da iƙama. Habibu ya tsinci kansa a sahun farko, Baba Tanko a damansa. Tsohon ya matso ya haɗa kafaɗa da tasa, ya kai ƙafarsa mai faso ta taɓa ta Habibu. Zakari ya juyo ya ce a daidaita sahu. Habibu ya ga layi ukun nan a goshi, na tsakiya ya karye a hagu, ya ga tabon sallar da ya ɗiga da hannunsa da garin gawayi. Ya waiga dama, ga na ainihi, wanda aka shekara sittin ana samu a kan tabarma. Mai tabon gaske ya ja baya, zai bi na zane, kuma na zanen ba shi da alwala. Duk duniya mutum ɗaya ne ya sani.

Zakari ya juya gabas. Ya ɗaga hannuwa.

“Malam Zakari, dakata.”

Sai da Habibu ya maimaita. Hannuwan suka tsaya a iska, suka sauko. Sahu ya juyo gaba ɗaya.

“Carbin ya faɗi,” in ji Habibu. “Ka yi barci, ya faɗi ƙasa, ba ka ji ba. Ni na ɗauka na mayar maka a hannu.”

Can Haidar ya fito daga sahu, fuskarsa ta haɗe.

“Me kake cewa ne? Kai Habibu, kana da hankali kuwa? Yanzu ka ga damar faɗa?” Ya juya wajen Zakari. “Ka ga, ba wani abu. Mu ɗauka tukuna, minti ashirin, sai a cire ka yi sallarka. Ai lokaci bai fita ba.”

“Darakta, minti ashirin ɗinka na san shi,” in ji Zakari a hankali. “Fitowa uku ce. Sai rana ta yi ja ba mu gama ba. Ka san sharaɗina tun kafin ka kira ni.”

Anas ya ce ko a shafa ruwa a kan robar, kamar yadda mai ɗauri yake yi. Baba Tanko ya girgiza kai. “Ɗauri na mai ciwo ne, ɗana. Wannan lafiyarsa ƙalau.”

Zakari ya kai hannu gefen kunne zai ɓare. Habibu ya riƙe hannun.

“Bari, za ka ji ciwo. Ni na ɗora, ni zan cire.”

A nan gaban kowa ya ɗauko man zaitun da auduga. Ya fara daga goshi. Layi ukun suka taho a hannunsa kamar ɓawon dafaffen dankali, tabon salla ya naɗe a cikinsu. Aikin awa huɗu, minti goma bai cika ba ya zama tarin ƙyalle a cikin leda. Idonsa ya kawo ruwa, bai kuwa ɓoye ba. Haidar yana gefe yana zagaye da waya a kunne, yana faɗa wa wani cewa an kashe shi, an gama da shi. Zakari bai dubi Habibu ko sau ɗaya ba. Ya yi alwala, Baba Tanko ya shiga gaba, aka yi salla.

Da aka sallame biyar saura kwata. Habibu bai tashi ba. Yana zaune a kan tabarma, idonsa ya sauka can bakin ƙofa, inda hulunan tsohon ke jere a rana. Ya ga robar ƙaron da ke gefensu. Ya miƙe tsaye.

“Baba, ƙaron nan naka, jiƙon yaushe ne?”

“Na jiya ne. Ya yi kauri sosai.”

Da tsohuwar zuma ake magani. Ya ɗauko robar ƙaron da gudu, ya tsaya gaban Haidar ya ce a ba shi rabin awa. Haidar ya dube shi kamar zai kai masa mari, sannan ya dubi rana, ya ga ba shi da zaɓi. Zakari ya zauna a kan bencin maigadi ba tare da an roƙe shi ba. Habibu ya miƙe fatar goshi, ya shafa, ya busar, ya saki. Fatar ta tattare, kamar dai bayan hannun wani yaro shekara talatin da suka wuce. Ba hoto a waya yanzu, Baba Tanko da kansa ya tsuguna a gabansu yana juya fuska duk inda aka ce. Furfurar gemu tana nan, alwala ta ɗan rage ta, ya ƙara. Tabon salla kuwa, ya kai buroshi zai ɗiga, sai ya fasa.

“Kada ka yi dariya, kada ka buɗe baki da yawa,” ya ce wa Zakari. “Wannan ba roba ba ce. Gumi ma narkar da shi yake yi.”

Biyar da ashirin aka fara. Tsohon ƙaro bai kai na roba kyau ba, kowa ya gani. Anas ya ja kamara baya, ya ɗauko shi ta gefe. Habibu yana tsaye bayan bishiya da handiraya a hannu, duk tsayawar da aka yi sai ya ruga ya busar da goshi. Aka samu fitowa ta farko. A ta biyu, inda tsohon ke neman gafarar 'yarsa, hawaye ya zubo wa Zakari ya tsaga hanya a kumatu, ƙaron ya narke ya bi shi. Haidar bai tsayar ba, ya bari har ƙarshe. Ana shirin ta uku, wadda ita ce babbar, aka ji hon a waje. Baba Tanko ya ruga ya buɗe ƙofa, motar Hajiya ta shigo, ƙarfe shida daidai.

Haidar bai yi wa Habibu sallama ba. Yana shiga mota ya ce wa Anas, da ƙarfi yadda kowa zai ji, a nemo masa lambar mutumin Legas.

Magariba ta same su a waje, gefen rumfar maigadi. Zakari ya karɓi butar Baba Tanko ya tsuguna. Ya wanke fuska da kyau, yana cuɗawa, shekara arba'in suka bi ruwa suka shige ƙasa. Sannan ya fara alwala. Da ya gama ya ɗago ya dubi Habibu, karo na farko tun la'asar.

“Da ban ɗaga hannu a gabanka ba fa? Da a ɗaki ni kaɗai zan yi sallar?”

Habibu ya ce, “Wallahi ban sani ba, Malam Zakari. Ina jin da na yi shiru.”

Zakari ya jinjina kai. Ya miƙa masa butar. “To, Allah ya yafe mana. Yi maza, Baba yana jira.”

Mutumin Legas ya zo bayan sati uku, shi ya yi shirin har ƙarshe, an kuma sake ɗaukar duk abin da aka yi a ranar. Suhaila ta yi kuka da ta ji, ta ce da ya yi shiru wa zai sani, daga baya kuma ta ce a'a, gara haka, sannan ta sake yin kukan. Habibu ya koma jinin ƙarya da tabon mari. Aikin tsufa yana zuwa jefi-jefi, mafi yawa daga Zakari, wanda duk inda aka ce zai fito a tsoho yakan ce a kira masa Habibu. A jakarsa yanzu kullum akwai kwalbar ƙaro kusa da ta roba, kuma yakan ce da Malam yana raye, da ya gaya masa cewa rabin gadon dai bai ɓata ba.

In ka je inda yake aiki yau, za ka ga abubuwa biyu da ba ka gani wurin sauran masu kwalliya. Ba ya zaunar da kowa a kujera mai jingina, benci ne ko kujerar tsugunno. Sannan kafin ya fara, sai ya damƙa wa mutum tarin makullansa a hannu, ya ajiye farantin silba a ƙasa daidai saitin hannun. In makullan suka kuɓuce, ƙarar har maigadi sai ya ji. 'Yan wasa suna yi masa tsiya a kai, suna cewa Mai Tsufa ya mai da su 'yan gadi. Wata rana Ummu Salma ta tambaye shi, wai shi barcin mutane ne yake tsoro haka?

Yana cikin wanke soso, bai ɗago ba.

“Barci ai ba laifin kowa ba ne, Hajiya,” ya ce. “Hannuna nake tsoro. Ya taɓa ɗauka ya mayar.”